Azumin da Muka Yi wa Dogon Yaro Sakiya

Azumin bara da na bana duk cikin bazara suka faɗo, kamar yadda wani ya faɗo shekara talatin da ƴan kai da suka wuce. An ce haka watan yake zagayowa. Ni dai jikina ne ya fara tuna mini. Ranar nan ta bara ina zaune a ofis a Madawa, wuta ta ɗauke, kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi, harshena ya manne a ganɗa, sai salula ta yi ƙara. Yayana ne, Illa, daga Karofane.

Ko gaisuwa bai bari mun gama ba. Ya ce, “Salamu, iccen Baba ya kama ciwo. Irin na da.”

Na ce, “Wane irin na da, Yaya?” alhali na gane.

“Ganye na zuba, ƙaro na hita. Ke kinka yi karatun icce, ki zo ki gani. Ina hwaɗa maki tun yanzu, in sunka mutu na bar gona. Ba ni shibka ma iska.”

Gaskiya ne na yi karatun gandun daji a jami’a a Yamai, kuma aikina yanzu renon dashe ne. Mutanen garinmu suna ɗaukata likitar itace. Na sha gaya musu ba haka ba ne sosai, amma ba mai ji.

Gonarmu tana cikin kwarin Majiya. Ƙasa ce mai kyau, illarta ɗaya, iska. Da farkon damina iskar gabas takan riga ruwa isowa, ta kwashi rairayi ta yi ta yankar shuka tun tana ganye biyu, abin da ba ta yanke ba ta binne shi. Shi ya sa, lokacin Baba yana saurayi, su da ma’aikatan gandun daji suka dasa dogon yaro layi-layi a gicciyen kwarin. Layin da ke gabas da gonarmu shi muke kira iccen Baba. A bayansa hatsi yana tashi. Inda babu shi, sai a shuka sau biyu sau uku, a ƙarshe a ɗaure abin da bai kai bakin rumbu ba.

Waccan shekarar ta ciwon farko ina kwaleji a Buza, hutu ya kawo ni gida. Daminar da ta gabata ba ta yi ba. In Inna ta shiga rumbu, daga tsakar gida muna jin ƙwaryarta tana karce ƙasa. Sahur kunu ne mai ruwa-ruwa, rabinsa dusa. Da shan ruwa farau-farau, sai dilo, ƴaƴan anzar nan da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya musu ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Ban taɓa jin ya fita duka ba. Zafi kuwa, in rana ta take, duwatsun tudu sai su riƙa rawa a ido, awaki su jeru a gindin katanga bakinsu a buɗe, ko kuka ba sa yi.

A cikin wannan hali itacen ya kamu. Ganye ya yi ɗorawa, ya riƙa zuba daga cikin reshe yana yin waje, har sai an bar ɗan tuntu a can ƙarshe, reshen ya zama dogon wuya tsirara. Ƙaro yana tsattsafowa a jikin ɓawo. Wani ma’aikaci ya zo a kan moto, ya duba, ya tsinki ganye ya sa a jaka. Ya ce abin ba a nan kaɗai ba ne, kuma shi dai bai san maganinsa ba. A lokacin mun ji haushinsa. Yanzu ina ganin gaskiya ya faɗa.

Baba kuwa mai sakiya ne. Duk wanda ƙafarsa ta kumbura a yankin, shi ake kira ya gasa ƙarfe ya huda. Gidanmu asalinsa gidan Arna ne, kakanmu har ya rasu yana yanka a gindin dutse. Baba ya riƙe salla da azumi fiye da kowa a unguwa, amma bai taɓa daina ganin itace a matsayin mai jini a jika ba. Ya tsaya gaban layin ya daɗe, ya lakaci ƙaron ya shinshina, ya ce, “Wanga mugunya ta. Abu mai rai in ya tara mugunya, a buɗe mashi hanya.”

Washegari muka fara, daga bakin layin da ya fi kusa da gari. Baba yakan sa gizago ya ɗebe ɓawo faɗin tafin hannu, ya zagaye gindin kaf kamar awarwaro, wai don kada ciwon ya sami hanyar hawa. Illa, yana ɗan sha takwas a lokacin, shi ke kula da wutar kara yana gasa ƙarfe. In ya yi ja, Baba ya karɓa ya danna inda ƙaro ke fita. Itacen ya yi cuu, hayaƙi mai ɗaci ya tashi ya shige maƙogwaron mai azumi. Sai a shafe wurin da toka da kanwa. Daga nan ruwa. Ruwa kuwa aikinmu ne, ni da Inna.

Rijiyar da ba ta ƙafe ba tana da nisa. Mukan fita bayan asuba, mu iske mata sun riga mu, a jira guga ta sauka ta kankaro laka-laka. Tulu ɗaya na gida, ɗaya na itace, haka Baba ya tsara. Ban san yadda zan kwatanta ɗaukar ruwa a ka da bakin azumi ba. Yana motsi a saman kanki, kina jin sanyinsa ta cikin gammo, ɗigo yana bin goshi ya gangaro ta gefen hanci har leɓe. Inna tana gaba, ba ta waiwayowa, sai dai ta ce, “Rufe bakinki, ɗiyar ga. Kar ki karya a banza.” In mun isa mu tsiyaya a gindin, ƙasa ta shanye kafin mu miƙe. Ruwan alwala ma a kwano ake tara shi, da ruwan jiƙon dilo, duk can suke zuwa.

Masu wucewa ba su bar mu ba. Wani maƙwabcinmu, yana kan jaki, ya ce wa Baba, “Mai sakiya, in ka ƙare da icce, ga dutse can shina ciwon kai!”

Baba ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, “Kawo naka kan tukuna, shi ya hi kumburi.”

Har Inna sai da ta yi dariya, tulu a ka, tana dafe shi da hannu biyu. Ina jin ita ce kaɗai dariyar da na ji ta yi a watan.

Da aka shiga goman ƙarshe ƙarfi ya ƙare. Wata azahar Baba ya ɗaga gizago, sai ya sulale a gindin itacen. Illa ne ya goyo shi zuwa gida. Bai karya azumin ba, an dai jiƙa masa zane an lulluɓe shi. A lokacin mun wuce rabin layin da kaɗan. Sauran, na can wajen korama, ba mu kai gare su ba, ko tulu ɗaya ba su samu ba. Baba yana kwance yana ta cewa mun bar su a hannun Allah.

Bayan salla waɗanda muka yi wa aiki suka yi kamar za su tashi. Wasu har toho suka yi, Baba yana kai mutane su gani. Amma kafin wata bazarar duk sun bushe a tsaye, ɓawo ya sassaɓe, gara ta hau su. Na wajen korama kuwa, da aka sami damina mai kyau, suka murmure. Baba ya yi ta tunani, sannan ya samo bayaninsa: waɗanda muka tsaga su suka janye ciwon layin duka a jikinsu, suka mutu da shi, suka fanshi ƴan’uwansu. Haka muka riƙe a gidanmu. Da wannan ya rasu. Rabin gonar da ke fuskantar giɓin ya koma rairayi, ɗaya rabin shi ya ciyar da mu, shi ya kai ni Yamai. Wuyan Inna bai ƙara miƙewa daidai ba, kuma tsakiyar kanta, inda gammo ke zama, gashi bai sake fitowa ba.

A shekarata ta farko a jami’a wani malami ya zana mana gindin itace a allo. Ya nuna yadda abincin da ganye ke haɗawa yake sauka zuwa saiwa ta ƙarƙashin ɓawo. Ya ja layi biyu ya zagaye gindin, ya ce in mutum yana son kashe itace ba tare da ya sare shi ba, abin da zai yi ke nan. Saiwa ta mutu da yunwa a hankali, sama tana kore ba ta sani ba. Na rubuta kamar kowa. Da aka tashi na je bayan aji na zauna. Ba zan ce ciwon da kansa ba zai kashe wasunsu ba, wannan ban sani ba. Abin da na sani, wanda aka zagaye ba ya tashi. Ban gaya wa kowa a gida ba. Ban ga amfanin faɗa ba.

To, bara na shiga motar kasuwa zuwa Buza, daga nan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Kwarin ya sauya. Lambunan albasa kore shar, injunan ban ruwa suna ta ruri, ruwa a bido, wato jarka, ake ɗauko shi a kan amalanke, da la’asar yara suna yawo da ƙanƙara a leda. Amma Illa ya ce igiyar gugar da muka sani yanzu ko rabin rijiya ba ta kaiwa.

Na bi layin itace bayan itace, yana bina a baya. Na kankare ɓawo da wuƙa, cikinsa ja-ja maimakon fari. Na juya ganye ina neman ƙwari, na sami ƴan kaɗan, ba su kai su yi wannan ɓarna ba. Na sa ya haƙa mini rami a gindin ɗaya, har hannu ya nutse zuwa kafaɗa ƙasar kamar toka, ƙananan saiwoyi suna karyewa kamar tsinke. Gara ta fara hawa wasu, amma gara takan zo ne bayan an riga an raunana.

Ya ce, “To, likita?”

Na ce watakila ƙishirwa ce, tun da ruwan ƙasa ya yi nisa. Mai yiwuwa kuma akwai wata cuta a saiwa da ta sami ƙofa saboda ƙishirwar. Tsufa ma yana ciki, da yawan sassabe rassa da ake yi. Na ce zan ɗebi ɓawo da saiwa in aika Yamai, amma kada ya sa rai da yawa.

“Sunan ciwon nika so, Salamu. Suna, da magani. Akwai na heshin albasa a gida, in kawo?”

“Ba na jin zai yi wani abu, Yaya.”

“Ba ki ji, ko ba shi yi?”

Ya share gumi da hular kansa. Sai a lokacin na lura furfura ta cinye masa gemu. Ya ce abokansa duk suna Aljeriya, shi kaɗai ya tsaya saboda layin nan da Inna. Ya ce mutum mai shekara hamsin ba ya son koyon ɗaukar siminti, amma in ta kama zai koya.

Da muka koma gida rana ta kusa faɗuwa. Na iske Inna a kan tabarma tana goge wani abu da rairayi. Ƙarfen sakiyar Baba ne. Gizagon yana gefenta, an sa masa sabuwar ƙota. Inna ba ta faɗin sunan Illa, ɗan fari ne, sai ta ce, “Na ce ma yayanki gobe shi hwara. A tsaga rabi, su hanshi rabi, awa yadda babanku yay yi.”

Aka kira salla. Matar Illa ta kawo kunu da ruwa mai ƙanƙara. Na sha. Na fara kewaye-kewaye, cewa ai a iya abin da na karanta, ba lalle ne tsaga ta dace da kowane ciwo ba, kuma watakila zai fi kyau a ɗan jira. Illa ya yi dariya.

“Inna, kin ji karatun Yamai. Shekara nawa muna aika hatsi, ‘watakila’ kaɗai anka koyo muna.”

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ajiye kofin na ce, “Kada ku tsaga. Tsagar ce ta kashe na da. Ba fansar kowa suka yi ba, Inna. Na wajen korama sun rayu ne don ba mu kai gare su ba.”

Ana jin injin wani mai albasa can nesa. Inna ta dubi ƙarfen da ke cinyarta, ta kai hannu ta dafa tsakiyar kanta.

“Ruwan da munka ɗauka hwa?”

“Ruwan daidai ne. Tsagar ce.”

“Kin tabbata?”

“Na tabbata.”

“Tun yaushe?”

“Tun Yamai.”

Inna ta naɗe ƙarfen a tsumma, ta ce, “Gara da ba ki hwaɗi ba shina da rai.” Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, kunun nata ko taɓawa ba ta yi ba.

Illa ya ce, “To, mun ji. Yanzu sai naki maganin.”

Na ɗauki hutu a wurin aiki. Muka sare rassan da suka mutu muka ƙone su nesa da layin. Muka haƙa wa kowane gindi rabin wata don ya tare ruwa, muka zuba taki, muka rufe da kara. Illa ya yi ta jigilar bido a amalanke har jakinsa ya yi gyambo a kafaɗa. Inna takan biyo mu da buta, ruwan alwalarta a ciki, ta tsiyaya ta koma, ba ta ce mini uffan a kan maganar ba. Na gaya musu tun farko ban yi alkawarin komai ba. Amsar Yamai da ta zo daga baya ba ta fi tawa ba, ita ma watakila ce, sai dai da faransanci.

Ruwa ya yi jinkiri. Itatuwan suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Duk ranar kasuwa Illa ya kira ni ya ce na kusa da tsohuwar rijiya ya tafi, ko na wajen iyaka ya tafi, kamar yana ba ni labarin mutanen gari. Da ruwan farko ya sauka ya yi shuka. Ta fito da kyau. Sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta ratso ta tsakanin busassun rassa ba abin da ya tare ta, kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa gonar ta zama fili. Ya sake shuka, aka sake binne ta. Ta ukun ta tsaya, amma ta makara.

Bayan kaka ya biyo ta Madawa da ƴar jakarsa, zai wuce Aljeriya. Na raka shi tasha. Ina ta neman abin da zan ce, shi ya riga ni.

“Kar ki ɗora ma kanki, ƙanwata. Ke dai kin hwaɗi gaskiya sau guda, mun gani.” Ya yi murmushi. “Ki riƙa leƙa tsohuwa.”

Cikin azumin bana na je leƙa ta. Zafin iri ɗaya ne, duwatsun suna rawa kamar da. Daga layin Baba biyu suka rage masu ɗan tuntun ganye a ka, can ƙarshe wajen korama. Da la’asar Inna ta ɗauki butarta ta ce in raka ta. Tafiyar da muka saba yi a da da tulu a ka ba tare da tsayawa ba, yanzu sai da ta huta a hanya.

Tun kafin mu isa na ji warin. Ɗacin ƙonannen ɓawon dogon yaro ba ya ɓace wa wanda ya taɓa shaƙarsa da azumi. Ɗaya daga cikin biyun an zagaye gindinsa. Tsagar a karkace take, wani wuri zurfi wani wuri sama-sama, kuma a ƙasa sosai, daidai inda hannun wanda ke zaune zai kai. Na duba ko akwai ɗan ɓawon da ya tsira a baya. Babu. Ta haɗe ta kaf, ta shafe da toka da kanwa.

Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Naki mun gwada. Wanga shi hanshi ɗan’uwanshi, yayanki in ya komo shi iske ko guda.”

Ta miƙo mini butar, ruwan bai kai rabi ba.

“Zuba ma mai ciwon. Shi yaj ji wuta.”

Na san wanda ruwan zai iya yi wa amfani, in ma zai yi. Na tsaya tsakaninsu da butar a hannu, Inna tana jira, wuyanta a karkace. Sai na durƙusa na zuba wa mai tsagar rabi, na kai wa ɗayan sauran. Ƙasa ta shanye duka biyun kafin in miƙe.